Gandun Dajin Mole: Baƙi Na Ƙaruwa, Ina Makomar Masu Gida?

Duk wanda ya taɓa kwana a masaukin baƙi na gandun dajin Mole a lokacin rani ya san abin da ke tashin mutane tun da asuba. Masaukin yana kan wani tudu ne, a ƙarƙashinsa kuwa akwai tafkuna biyu waɗanda ba su cika ƙafewa ba. Da hantsi ya ɗaga sai giwaye su fito daga cikin itatuwa, su gangaro su sha, su yi wanka, su watsa wa jikinsu taɓo, alhali mutane suna tsaye a bisa tudu suna kallo. A gefe ga maraya da mazo suna kiwo, ga mugun dawa yana durƙushe a kan gwiwoyinsa yana tonon saiwa har a bakin ɗakunan kwana. Wanda ya taso a Nima ko Aboabo, bai taɓa ganin giwa ba sai a littafin makaranta, idan ya tsaya a wurin nan ya kan rasa abin cewa. Gani ya kori ji.

To, amma akwai wata tambaya da ke damun ma'aikatan wannan daji, kamar yadda take damun takwarorinsu a ko'ina cikin duniya. Mutum nawa ne za a bari su shiga, ta ina za su bi, kuma me za a hana su? Idan an rufe ƙofa, ba kuɗin biyan masu gadi, kuma jama'a ba za su damu da abin da ba su taɓa gani ba. Idan kuwa an buɗe ta gaba ɗaya, dabbobin da aka zo kallo su ne za su fara gudu. Wannan magana ta shafe mu, domin a 'yan shekarun nan makarantu da ƙungiyoyin matasa na zangunanmu sun shiga sahun masu ɗaukar mota su tafi Mole.

Yadda dajin ya samu

Mole shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 4,500. Yana cikin ƙasar Gwanja, wadda sunanta ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tun da fataucin goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu har Salaga. Ƙofarsa tana kusa da Larabanga, kimanin kilomita 150 yamma da Tamale, ba nisa da Damongo, hedkwatar Jihar Savannah da aka kafa a 2019.

Abin mamaki shi ne, farkon abin da hukuma ta yi a wannan daji kashe dabbobi ne. A zamanin Turawa an keɓe wani yanki nasa domin a harbe namun daji, saboda an ɗauka cewa idan babu naman da ƙudan tsando zai tsotsa, to shi da ciwon barci da sammore za su ƙare. Daga baya aka bar wannan shawara. A 1958 aka mai da wurin hurumin namun daji, sa'an nan a 1971 aka faɗaɗa shi aka ba shi matsayin gandun daji na ƙasa.

A tsakanin waɗannan shekaru an tashi ƙauyukan da ke ciki, aka mai da mutanensu waje. Sun bar gonakinsu, da kaburburan iyayensu, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa da suke ci, da wuraren da suke farauta. A yau ƙauyuka sama da 30 ne ke kewaye da dajin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin wurin da baƙo yake ganin kamar ɗan Adam bai taɓa taka shi ba, gidan wasu ne da aka ce su fita don amfanin ƙasa baki ɗaya.

Abin da aka tsare da wannan hukunci ba kaɗan ba ne. A Mole ne ake da garken giwaye mafi yawa a Ghana, ɗaruruwa, a lokacin da giwar irin wannan daji ta shiga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a duniya tun 2021. Akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da gada, da kura, da damisa, da kada, da birai iri iri, ga tsuntsaye fiye da iri 300.

Hanya ta zo da riba, ta zo da hasara

Waɗanda suka je Mole kafin 2015 ba su manta da hanyar ba. Daga mararrabar Fufulso sai jar ƙasa da gargada, da rani ƙura, da damina taɓo, mota ta kan isa cikin dare idan ma ta isa. Wahalar hanya ita ce babbar mai gadin dajin a wancan lokaci, gama ba kowa ne ke iya jure ta ba.

A 2015 aka buɗe sabuwar kwalta daga Fufulso zuwa Sawla, mai tsawon kilomita 147, wadda Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya ba da kuɗin yin ta. A shekarar ce kuma aka buɗe wani masauki na alfarma mai suna Zaina a cikin dajin. Yanzu mutum na iya karyawa a Tamale ya ci abincin rana yana kallon giwaye. Masu haya, da masu sayar da abinci, da masu ɗakunan kwana a Larabanga da Damongo duk sun ga canji.

Sai dai hanyar da ta kawo masu kallo ita ce ta sauƙaƙa wa masu sara. A shekarun da ake aikinta aka shiga rububin itacen madobiya, wanda ake kai wa ƙasar Sin ana yin kujeru da gadaje masu tsada da shi. Masu fafutukar kare daji sun sha bayyana cewa izinin da aka bayar na kwashe itatuwan da aikin hanya ya kayar shi ne ya zama mafaka, aka riƙa shiga dazuzzukan Gwanja ana yanke na tsaye. Gwamnati ta hana wannan ciniki sau da yawa tun daga 2012, ana hanawa ana sakewa, har a 2017 madobiya ta shiga cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido. Bayan masu madobiya kuma ga masu gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Buipe zuwa Kintampo ya ga manyan motoci maƙare da buhunan gawayi sun nufi kudu.

Dabba ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba. Giwa ta kan fita ta koma, haka ɓauna. Idan dajin da ke kewaye ya ƙare, gandun zai zama kamar tsibiri, dabbobin su matsu a ciki, waɗanda suka fita kuma su faɗa gonakin mutane.

Amfanin baƙo da ɓarnarsa

Baƙo yana biyan kuɗin shiga, da na jagora, da na mota, da na kwana. Amma amfaninsa ya wuce kuɗi. Wurin da ake zirga-zirga kullum safe da yamma, da jagora mai bindiga a gaba, maharbi ba ya son kusantarsa. Ɗana tarko a inda ake wucewa kowace rana asarar waya ce. Watau ƙafar baƙo ma wani irin sintiri ne. Har ila yau yaron da ya ga giwa da idonsa, in ya girma ya zama ɗan majalisa ko alƙali, zai fi gane abin da ake nufi idan aka kawo masa maganar daji.

Ɓarnar kuma a fili take. Dubi gwaggon biri na kusa da masauki. Tun asali tsoron mutum yake yi. Da baƙi suka riƙa jefa masa ayaba da biskit don su ɗauki hoto, sai ya gane cewa leda a hannun mutum abinci ce. Yanzu ya kan fizge abinci daga kan tebur, ya shiga ɗakin da aka bari a buɗe, ya kuma tsorata yara. A gandaye da yawa na duniya, dabbar da ta saba da abincin mutane har ta fara cizo, ƙarshenta harsashi ne. Wanda ya jefa ayabar kuwa ya daɗe da komawa gida.

Ga kuma shara. Ledar ruwa da robar abinci da aka yar a bakin hanya, dabba na iya haɗiye su saboda gishiri da man da ke jiki, su toshe mata ciki. Ga hayaniya: mota cike da matasa, lasifika na tashi, ana ihu idan an hango giwa. Ga direban da ke sauka daga kan hanya ya bi ciyawa domin fasinja sun roƙe shi ya matsa kusa. Tayar mota ɗaya ba ta yin kome, amma inda ɗaya ta bi gobe goma za su bi, ƙasa ta daddale, ruwan sama ya mai da sawun kwazazzabo. Da rani kuwa guntun taba ɗaya ya isa ya cinye daji.

Abin da ya fi tsanani shi ne matsa wa dabba a wurin ruwa. Daga Disamba zuwa Afrilu ne aka fi ganin giwaye, saboda ruwa ya janye sai 'yan wurare kaɗan. Wannan yana nufin lokacin da baƙi suka fi yawa shi ne lokacin da dabba ta fi ƙishi, ba ta kuma da wani wurin zuwa. Idan aka tsaya mata a hanya, ko dai ta haƙura da ruwan har dare, ko ta fusata.

Yadda aka tsara Mole

Dabarar da Sashen Kula da Namun Daji ke bi ita ce a tara baƙi a wuri ɗaya. Ƙofa, da ofis, da masaukai, da yawancin hanyoyin kallo duk suna kudancin dajin. Ba a yarda kowa ya shiga daji shi kaɗai ba, sai da jagora na hukuma mai bindiga, ko a ƙafa ko a mota. Ana fita da sassafe da kuma bayan azahar idan rana ta yi sanyi, kuma jagora ne ke faɗin inda za a tsaya. Mole na cikin wuraren da ba su da yawa a Afirka inda talaka zai iya tafiya da ƙafarsa ya ga giwa a kuɗi kaɗan. Sauran dajin, wanda shi ne mafi yawa, baƙi ƙalilan ne ke isa can.

Wannan tsari yana da kyau, amma bai isa ba. Can cikin dajin inda ba baƙo, ba hanya mai kyau, masu gadi kaɗan ne ke fama da fili mai faɗi, kuma can ne maharba suka fi samun sarari. Labarin zaki ya isa misali. Da can an san Mole da zakoki. Amma da masu bincike suka kafa na'urorin ɗaukar hoto a cikin dajin daga 2006 zuwa 2009, sun samu hoton kura da damisa, ba su samu na zaki ko ɗaya ba. Ba masu yawon buɗe ido ne suka kori zaki ba. Farauta ce, da tarko, da raguwar naman da yake ci. Saboda haka a Mole matsalar iri biyu ce: a kudu ana tsoron cunkoso, a arewa ana fama da rashin ido.

Abin da wasu suka yi

A ƙasar nan ma akwai wani misali. Gandun dajin Kakum da ke kusa da Cape Coast ya buɗe gadar igiya a 1995, gadoji bakwai da aka ɗaura a kan dogayen itatuwa, mutum na tafiya a sama yana kallon kurmi a ƙarƙashinsa. A shekaru da dama Kakum na karɓar baƙi fiye da 100,000, yawancinsu 'yan ƙasa da 'yan makaranta, adadin da Mole ba ya ko kusantarsa. Amma kusan dukkansu a gadar suke tsayawa su juya. Taro a wuri guda, kurmi kuwa an bar shi da masu shi. Farashin wannan dabara shi ne, ba kasafai mai hawa gada ke ganin wata babbar dabba ba, domin hayaniya ta kore su ciki.

Ƙasar Ruwanda kuma ta bi wata hanya dabam game da gorila, wani ƙaton biri da ke zaune a duwatsunta. Tun 2017 kuɗin zuwa ganinsa dala 1,500 ne ga baƙo. Mutum takwas kaɗai ake kai wa kowane garke a rana, kuma awa ɗaya tak za su yi. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen ƙasar ke samu ana mai da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci da wuraren ruwa. A 2018 aka bayyana cewa yawan wannan biri a duniya ya wuce 1,000, bayan an daɗe ana tsoron ƙarewarsa.

Ba za mu so Mole ya zama wurin da sai mai dala ke shiga ba, domin dajin na 'yan ƙasa ne, kuma an raba wasu 'yan ƙasa da gidajensu kafin a same shi. Amma abubuwa biyu na Ruwanda sun cancanci koyi: ƙayyade yawan mutanen da za su tsaya a kan dabba a lokaci ɗaya, da kuma rubuta rabon maƙwabta a fili yadda kowa zai san shi.

Rabon maƙwabta

Manomin da giwa ta shiga gonarsa ta cinye masa doya da masara a dare ɗaya ba ya kallonta da idon da baƙo ke kallonta. Idan abin da yake samu daga gandun shi ne ɓarna da kamu kawai, ranar da maharbi ya zo neman mai nuna masa hanya ba zai rasa ba.

Domin haka ne tun wajen shekara ta 2000 aka fito da tsarin da ake kira CREMA, wanda ke ba ƙauyuka ikon kula da dajin da ke ƙasarsu a wajen gandun, su kafa dokokinsu, su ci amfaninsa. A 2023 majalisar dokoki ta zartar da sabuwar dokar namun daji wadda ta ƙarfafa wannan tsari. Ƙauyen Mognori da ke gefen Mole yana cikin waɗanda suka shiga. Mutanensa na ɗaukar baƙi a kwalekwale a kan kogin Mole, suna nuna musu yadda ake man kaɗanya, suna kuma saukar da masu son kwana. A wasu ƙauyuka kuma ana kiwon zuma. Larabanga tana da tsohon masallacinta na ƙasa, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi a 1421, kuma kusan duk mai zuwa Mole ya kan tsaya ya gan shi.

Duk da haka, 'yan ƙauyukan da ke kusa da ƙofa ne ke ganin baƙi. Na nesa, waɗanda ke yamma da arewa, giwa na kai musu ziyara, baƙo ba ya kaiwa. Nan ne ya kamata hukuma ta fi mai da hankali. Idan za a ƙara buɗe dajin, gara a buɗe shi da ƙananan sansanoni da tafiyar ƙafa ta mutane kaɗan, da jagorori daga waɗannan ƙauyuka, maimakon a ƙara cusa motoci a bakin tafkuna biyu.

Annobar korona ta ƙara koya mana wani darasi. A Maris na 2020 aka rufe iyakokin ƙasar nan, filin jirgin sama bai buɗe ba sai Satumba, iyakokin ƙasa kuwa sai 2022. Baƙin waje suka ɗauke ƙafa, jagorori da masu masauki suka zauna ba ciniki. Dajin da ya dogara ga baƙin Turai kaɗai, ranar da jirgi ya daina sauka ya shiga uku. Baƙon gida shi ne madogara, muddin ya san yadda ake shiga daji.

Namu alhakin

Saboda haka muna kira ga malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyi masu shirya irin wannan tafiya. A sanar da ofishin gandun tun kafin a taso, domin su tanadi jagorori. A raba yara ƙungiya ƙungiya, kada mota biyu su sauke mutum ɗari a kan jagora ɗaya. A kashe kiɗa tun daga ƙofa. A tafi da buhun zuba shara, a komo da shi. A sa takalmi mai rufi. Kada a ba biri kome, kada kuma a riƙe leda a fili. Inda jagora ya ce a tsaya a tsaya, kuma kada a ba shi ko direba wani abu don su matsa kusa da giwa. Hoton waya bai kai ran mutum ba. Idan da hali a kwana, a ci abinci a Larabanga ko Mognori, a sayi man kaɗanya da zuma daga hannun matan wurin.

Wanda bai taɓa zuwa ba ma yana da hannu a ciki. Gawayin da ake dafa waake da tuwo da shi a Kumasi da Ankara, da yawansa daga dazuzzukan arewa yake fitowa. Wanda Allah ya hore wa gas ya rage. Kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara doka ta hana farauta a duk ƙasar nan, in ban da akrantiye ga mai lasin, saboda lokacin haihuwar dabbobi ne. Wanda ya sayi naman daji a wannan lokaci ya san abin da ya saya.

Kakanninmu sun ratsa dazuzzukan Gwanja da jakuna da shanu a lokacin da ake kwana ana hura wuta saboda zaki. Zakin yanzu an neme shi an rasa. Giwa tana nan, tana saukowa tafki kowace safiya, kuma ƙofa a buɗe take ga ɗan zango kamar kowa. A je a gani, a kai yara su gani, a kuma fito a bar wurin yadda aka same shi. Allah ya sa jikokinmu su tarar da ita.